Me Ya Sa Mata Ke Cika Layin Zaɓe Amma Ba Su Cika Majalisa?

Tambaya: Ranar zaɓe layin mata ne ya fi tsawo a mazaɓarmu, amma da wuya ka ga hoton mace a fostar 'yan takara. Shin mu mata ne ba ma zaɓen junanmu, kamar yadda ake faɗa?

Amsa: 'Yar'uwa, wannan zargin ya daɗe yana yawo, kuma ban yarda da shi ba. Ta yaya za a zaɓi wadda sunanta bai hau takardar ƙuri'a ba? Tun a cikin jam'iyya ake rufe ƙofar.

A zaɓen 2023 mata 3 kacal suka ci kujerar Sanata cikin 109, sai daga baya kotu ta ba Natasha Akpoti-Uduaghan tata suka zama 4. A Majalisar Wakilai mai kujeru 360 ba su kai 20 ba. Har yau ba a taɓa zaɓen mace gwamna a Najeriya ba, duk da fafatawar da Aisha Alhassan ta yi a Taraba a 2015, da ta Aishatu Binani a Adamawa a 2023.

Babban shingen kuɗi ne. A 2022 APC ta sa fom ɗin takarar gwamna naira miliyan 50, na Sanata miliyan 20. An yi wa mata rangwame, gaskiya ne, sai dai fom somin-taɓi ne. Akwai daliget da za a sallama, motocin kamfe, wakilan akwati. Matan da ke da gida ko fili da sunansu da za su sayar ba su da yawa, iyayen gidan siyasa kuma sun fi son zuba kuɗinsu a kan namiji.

Sannan ki dubi lokacin da ake yanke shawara. Sau da yawa da tsakar dare ake raba tikiti, a falon wani jigo ko ɗakin otal. Matar aure da ta je wurin, kafin gari ya waye an sa mata suna. Wadda ta zauna gida kuma da safe za ta ji an yi maslaha, an ce ta janye wa ɗan'uwanta. Abin da ake bar mata shi ne kujerar shugabar mata: raba atamfa da tara jama'a.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne batun asali. Mace ta yi aure a wata jiha, dangin miji su ce baƙuwa ce, a garin iyayenta kuma a ce ai ta tafi. Ga tsoron 'yan daba: a 2019 an ƙone Salome Abuh, shugabar matan PDP a wata mazaɓa ta Kogi, cikin gidanta.

Tarihi ma da nasa. Matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan ɗauri da dukan da Hajiya Gambo Sawaba ta sha a NEPU tana neman wannan haƙƙi.

Inda aka ga canji, doka ce ta tilasta wa jam'iyyu. Nijar ta kafa dokar ware wa mata kaso tun 2000, a 2019 ta ɗaga shi zuwa kashi 25 cikin 100 na kujerun zaɓe. A nan kuwa, a Maris 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurin ware wa mata kujeru 111, kuma kusan duk waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar maza ne.