Amsa Ga Ɗalibata A Kan Waƙarta Ta Zawarci

'Yata, kin tambaye ni me ya sa waɗanda suka saurari waƙarki ta zawarci suka ce ta fi kama da takardar koke, alhali duk abin da ke cikinta gaskiya ne. Na karanta ta. Jigonki ba shi da laifi: mace aka saka ba dalili, aka raba ta da 'ya'yanta. Wannan abin yi wa waƙa ne, kada kowa ya ce miki ki sassauta.

Inda aikin ya karkace shi ne amsa-amo, wato sautin da ake maimaitawa a ƙarshen baitoci. Kin zaɓi "-ci" ya zama babban amsa-amonki, to dubi abin da ya jawo miki a ƙarshen baitoci: zalunci, ƙunci, wulaƙanci, 'yanci. Manyan kalmomi ne, amma babu ɗaya da ido ke gani ko hannu ke taɓawa. Mai sauraro na jin "zalunci" a baiti na uku, ya riga ya san abin da na goma zai ce, sai ya janye kunnensa. Amsa-amo ba ado ba ne kawai, shi ke zaɓar miki kalmomi tun kafin ki zaɓa. Ki sauya shi da wanda zai ba kayan gida hanyar shigowa.

Sannan ki bar "mu mata", ki koma "ni". Mace guda ta yi magana da bakinta. Ta faɗi wanda aka aiko ya miƙa mata takardar, ta faɗi yadda aka ɗora gado da kwanuka a akori-kura maƙwabta na leƙe, da zaman idda a ɗakin da ta bari tun tana budurwa, da ranar da dangin uba suka zo karɓar yaron bayan yaye. Idan waɗannan suka shiga, ba sai kin ambaci zalunci ba. Namijin da ke sauraro shi zai kira shi zalunci a ransa. A wurin rabuwa da yaron nan, ki yi sabi-zarce, maganar ta tsallaka zuwa ɗango, wato layi, na gaba, yadda numfashin mai kuka ke yankewa. Sau ɗaya ya isa.

Kada kuma zafin rai ya sa ki karya kari, wato ma'aunin sautin waƙa. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da waƙa ta karantar da matan karkara. Jajojinta, wato shugabannin ƙungiyarta ta mata mai suna 'Yan Taru, su ke haddace baitoci su kai ƙauyuka, kuma baitin da karinsa ya gurgunce ba ya zama a ka. A Kano ma, su Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu sun rubuta waƙoƙi a kan al'amuran zamaninsu, sun riƙe kari da amsa-amo. Saboda haka ba baƙuwa ba ce ke a wannan fage, kuma ba sai kin aro murya daga waje ba.

Ki sake ta da ƙwar biyar, wato ɗango biyar a kowane baiti, domin ɗango biyu da kika yi ta da su sun yi wa labarin nan kaɗan. In kin gama, ki rera wa gwaggonki ko wata dattijuwa da ta san zawarci, ki lura da baitin da za ta ce ki maimaita, sannan ki kawo mini mu auna karin tare.