Tambaya da Amsa: An cike filin tsohuwar masana'anta da jar ƙasa, mu saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ne sakataren wata ƙungiyar gama kai ta ma'aikata a Kaduna. Wani kamfanin gidaje ya kawo mana tallar fulotai a filin wata tsohuwar masana'anta da ke kusa da kogi, ta ɓangaren kudu. Sun rushe ginin, sun zuba jar ƙasa mai kaurin kusan mita biyu, sun ce za su ja katanga har bakin ruwa. A cewarsu cikon ya kashe maganar ambaliya da ta dattin masana'anta gaba ɗaya. Ni na yi karatun aikin gini, hankalina bai kwanta ba. Mutanenmu kuma sun matsa a biya kafin alƙalami saboda farashin ya yi sauƙi, wasunsu kuɗin sallamarsu za su zuba. Ga shi kuma mutanen unguwar da ke baya suna ƙorafin katangar za ta toshe musu hanyar zuwa mafitar kwalekwale. Me zan faɗa wa mutanena?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam Sakatare. Ka faɗa musu kada a biya ko sisi sai an haƙa an ga abin da ke ƙarƙashin cikon nan. Rashin kwanciyar hankalinka yana kan hanya, kuma tunda ka san aikin gini ba zan tsaya yi maka bayanin fandisho da matsar ƙasa ba.

Maganar nan ta "an cike, an gama" ita ce abin da na fi ji a bakin dillalai da masu kamfanonin gidaje, har da wasu masu takardar digiri, kuma ita ce ta fi tayar mini da hankali. Jar ƙasa ba ta wanke komai. Ɓoyewa kawai take yi, kamar a ɗaure gyambo da tsumma ba a wanke ba, waje ya yi kyau, ciki yana ci.

Ka tuna irin aikin da aka yi a yankin nan. Tun 1957 da masaƙar farko ta fara aiki a Kakuri, aka shafe shekaru fiye da 40 ana rini, ana wanke yadi da soda, ana ƙona baƙin mai a tukwanen tururi, kafin manyan masaƙun su yi ta rufewa daga 2002 zuwa 2007. Ban da masaƙa akwai masu haɗa motoci, da masu narka ƙarfe, da ma'ajiyoyin mai. Yawancin wannan aiki an yi shi ne kafin dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992, kafin a kafa NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, a 2007. Duk masana'anta irin ta wancan zamani tana da wuraren da muke fara zargi: ɗakin rini, da ramin da ake tara ruwan datti, da gindin tankunan baƙin mai, da inda taransifoma ta zauna, domin man tsofaffin taransifomomi yakan ƙunshi gubar PCB. Sai rufin asbesto mai ƙurar da ke cutar da huhu, wanda idan aka zo rushewa sai a farfasa shi da guduma, katafila ta tura ɓaraguzan cikin rami, a bi da jar ƙasa. Ƙarafa masu guba da masana'antu kan bari a ƙasa, irin su dalma da kuromiyam da kadmiyam, ba sa ruɓewa. Yadda aka bar su, haka jikokinku za su same su.

Wani zai ce ai Turawa ma suna rufe gurɓatacciyar ƙasa su yi gini a kai. Gaskiya ne, kuma a nan ne masu rabin ilimi ke yaudarar mutane. Rufin da ake yi a can aiki ne na injiniya: a fara auna gubar a san inda take, a kwashe mafi muni, a shimfiɗa leda mai kauri ko yumɓun da ruwa ba ya ratsawa, a sa wata shimfiɗa mai launi wadda duk mai haƙa da ya gan ta zai san ya tsaya, sannan ƙasa mai tsabta ta hau. Bayan haka a rubuta cikin takardar filin cewa ba a haƙa rijiya, ba a zurfafa rami. Wannan sharaɗi yana yiwuwa ne saboda ruwan famfo na zuwa kowane gida, kuma akwai bututun da ke kwashe najasa.

To mu fa? Ranar da mutum ya karɓi fulotinsa, kafin ya sayi bulo ya kira masu haƙa rijiya ko burtsatse. Sai ramin sokawe, wanda sau da yawa ya zarce mita biyu. Sai fandisho, wanda dole ya wuce ciko ya taka ƙasa mai ƙarfi. Uwargida ta dasa zogale da gwanda, maigida ya kafa mangwaro. Fulotai ɗari, ɗaruruwan ramuka ke nan da suka huda cikon, kuma ƙasar da aka tono daga ƙasa a tsakar gida ake baza ta, nan yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Babu hukumar da za ta tsaya a ƙofar kowa ta hana shi neman ruwan sha.

Sannan wurin bakin kogi ne. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a irin nan ba shi da zurfi, yana hawa da sauka tare da kogin. A Agusta da Satumba sai ya taso ya jiƙa gurɓatacciyar ƙasar, da rani ya ja baya da abin da ya ɗebo, ya bi ta rijiyoyi zuwa kogi. Na tsaya a bakin ramin gwaji a irin wannan fili. Sama jar ƙasa ce tas, sai wani layi kamar an ja da zare, daga nan baƙin laka mai shuɗi-shuɗi, ruwa na tsattsafowa da ƙyallin mai a samansa, masu haƙa suna toshe hanci da riga. Wannan ma mai sauƙi ne, tunda ido ya gani. Dalma a ruwa ba ta da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mata a ruwan sha ita ce miligiram 0.01 a lita, na kuromiyam 0.05, ma'aunin da harshe ba zai taɓa ji ba. Tafasawa ba ta cire su, ƙara musu ƙarfi take yi tunda ruwan ne ke ƙonewa. Don haka mai burtsatse da zai ɗebo ruwa a kofi ya ɗaga wa rana ya ce "garau yake, Alhaji", ku biya shi kuɗin haƙarsa, amma kada ku karɓi fatawarsa.

An taɓa yin wannan ganganci a Amurka. A unguwar Love Canal da ke birnin Niagara Falls, wani kamfanin sinadarai ya binne sharar guba wajen tan 21,000, ya rufe da yumɓu, ya sayar wa hukumar makarantu filin a 1953 kan dala ɗaya. Aka gina makaranta, gidaje suka kewaye ta, aikin gini da na magudanu ya huda rufin. Sai da aka yi shekaru 25 kafin gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a 1978 ta kwashe ɗaruruwan iyalai, bayan guba ta riƙa ɓullowa a cikin gidaje da filin wasan yara. Ba ma sai mun je nesa ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, kuma ta ƙasar tsakar gida ta shige su. Da aka zo gyara a Dareta da Bagega da sauransu, kankare gurɓatacciyar ƙasar aka fara yi, aka kai ta ramin da aka tanada, sannan aka kawo sabuwa. A Landan ma, kafin wasannin Olamfik na 2012, sai da aka tono aka tsabtace ƙasa kusan tan miliyan 2 a tsohon yankin masana'antu na bakin kogin Lea. Mutanen nan ba su rasa tifa da jar ƙasa ba.

Za a nuna muku takardar mallaka, wataƙila har da rahoton muhalli mai kauri. Takardar mallaka tana faɗin waye mai fili, ba ta faɗin me ke cikin ƙasa. Rahoton muhalli kuwa, na sha karanta wanda aka kwafo daga wani aiki, har sunan garin farko an manta ba a goge ba, kuma an buga masa hatimi. Ka buɗe ka nemi abu uku: taswirar inda aka ɗebi samfuri, zurfin da aka ɗebo shi, da sunan ɗakin gwajin da ya auna. Idan samfurin daga saman cikon aka ɗebo, to ƙasar ramin da tifa ta kwaso aka auna, ba filinku ba.

Abin yi shi ne ƙungiyarku ta ɗauki nata masanin, wanda ku za ku biya. A haƙa ramuka su wuce ciko har a taɓa ruwa, a ɗebi ƙasa da ruwa da rani, a maimaita na ruwan da damina. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana nan Mando, Jami'ar Ahmadu Bello tana Zariya, ba a rasa inda za a kai ba. Kafin a kafa diga kuma, ku nemi tsofaffin ma'aikatan wurin. Suna nan a Kakuri da Makera da Nasarawa, kuma dattijon da ya yi shekara 20 a ɗakin rini zai nuna maka da sandarsa inda ake zubar da ruwan datti, abin da babu taswirar da za ta gaya maka.

Maganar ambaliya gajeriya ce. Fadama wurin kwanan kogi ne idan ya cika. Ka cike ta, ruwan bai ragu ba, gidan wanda ya fi ka ƙasa zai nufa, wato mutanen unguwar bayan nan, ko na tsallake. Shari'a ta ce ba cuta ba cutarwa. Ku tambayi masu lambu inda ruwan ambaliyar 2003 ya tsaya, ku duba ledojin da suka maƙale a rassan itatuwan gaɓa, su ne ma'aunin cikar bara. Daga wannan layi ake fara lissafin inda gini zai tsaya. Katangar bulo a kan sabon ciko a bakin ruwa kuwa, kai ma ka san ƙarshenta idan ruwa ya ci gindinta.

Ƙorafin maƙwabtan nan gaskiya ne, kuma ya shafe ku fiye da yadda mutanenka suke zato. Masana'antun da can sun tsaya tsakanin unguwanni da kogi da dogayen katangu, amma aƙalla suna ba mutane aiki. Idan aka maye gurbinsu da rukunin gidaje mai ƙofa ɗaya, katangar ta dawo, aikin bai dawo ba. Kaduna kuma gari ne da kogin nan ya zama masa iyaka tun rikicin 2000, mutane suka rarrabu kudu da arewa. Yawancin gadojin da ake da su don mota aka yi su, suna nesa da juna. Mai tallar kayan miya da ɗan makaranta da lebura, kwalekwale ne gadarsu. A irin wannan gari, duk hanyar ƙafa da ke kai mutum ga ɗan'uwansa na tsallake tana da daraja, bai kamata a sayar da ita cikin fuloti ba.

Tsarin da zan sa hannu a kai shi ne a bar gaɓar gaba ɗaya ta zama ta jama'a: itatuwa, hanyar ƙafa da keke, matakalar sauka zuwa mafita, filin ƙwallo wanda in ruwa ya rufe shi mako biyu babu asara. Titunan unguwar baya su zarce ta cikin sabon rukunin har bakin ruwa, kowane mita 100 zuwa 150 a sami mashiga, gidaje su fuskanci kogin domin wurin da idanu ke kai ba ya zama juji ko maɓoyar ɓata-gari. Haka aka yi a tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Hambug a Jamus, gidaje a tudu, hanyar bakin ruwa a ƙasa a buɗe ga kowa, ruwa ya hau ta ya sauka. Ɓangaren da gwaji ya nuna ya fi gurɓata kuma a kwashe abin da za a iya, a rufe shi rufin gaske, a yi tashar mota ko rumfunan sana'a masu daɓen kankare, ba ɗakin kwanan yara ba. A birnin Duisburg na Jamus ma da masana'antar ƙarfe ta rufe a 1985, wurin shaƙatawa aka mai da ita, aka bar tanderun a tsaye.

Na san za a ce maka wasu na jira da kuɗi a hannu, in ba ku biya wannan makon ba kun rasa. Araha ba ta ado, Malam Sakatare. Amanar kuɗin sallamar mutane ce a hannunka, kuma waɗanda za su sha ruwan rijiyar nan ba su da bakin magana a taronku, wasunsu ba a haife su ba tukuna. Ka rubuta wa kamfanin takarda cewa ƙungiya na neman izinin haƙa ramukan gwaji da kuɗinta, da taswirar da ke nuna hanyar mafita a buɗe, da rubutaccen alkawarin inda ruwan sha zai fito. Ka karanta amsarsu a gaban taro. Idan suka hana ku haƙa, ku ɗauki kuɗinku ku nemi fili a tudu.