Gonar gado ce nake so in mayar wurin tsaga katako, ta ina zan fara?

Wani ɗan kasuwa daga yankin Ɗambatta ya aiko da tambaya. Yana da gonar gado mai hekta biyu a bakin titi, yana so ya daina shuka gero a cikinta, ya kafa injin tsaga katako da wurin renon dashe, ya kuma ɗauki yara masu zuwa gidaje da makarantu suna rage wa bishiyoyi rassa. Kuɗin inji na hannunsa. Yana tambaya ko ya saya ya kafa kawai, tunda gonar tasa ce.

Alhaji, don Allah riƙe kuɗin nan tukuna, takarda ce a gaban inji.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Abin da kake da shi izinin zama ne da amfani, kuma izinin yana tafe da manufarsa. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar mallaka ta gargajiya, gwamna kuma shi ke ba da babbar takardar da bankuna suka fi yarda da ita. In takardarka ta ce noma, kai kuma ka kafa masana'anta, ka saɓa sharaɗi, ana iya rufe wurin ko a soke izinin. Ko jingina ka so yi da filin, sai da amincewar hukuma.

Fara daga gida. Gonar gado ita ce ta fi jawo rigima, musamman ranar da aka ga inji ya fara kawo kuɗi. A raba gadon, ko kowane magaji, mace da namiji, ya sa hannu a rubuce gaban mai unguwa da dagaci. Daga nan ka ɗauko safiyo mai lasisi ya auna ya kafa duwatsun iyaka, ka nemi takardar ƙaramar hukuma, sannan ka kai buƙatar sauya manufar fili ma'aikatar ƙasa ta jiha tare da taswirar wurin da shaidar rajistar kamfaninka ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni. Za su turo a duba. Abin da ke kayar da mutane a nan shi ne filin ya ci burtali, ko ya shiga hurumin titi, ko yana ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Ma'aikatar muhalli ma za ta so jin yadda za ka yi da ƙara da ƙura. Duk kuɗin da ka biya, karɓi rasit na gwamnati.

Shawarata, kada ka sauya hekta biyun duka. Kuɗin ƙasa na shekara ya fi tsada a filin masana'anta. Yanki rabin hekta ta bakin titi domin inji da rumbun katako, sauran ya zauna a matsayin gona, ka zuba dashen turare da darbejiya da maɗaci. Renon dashe ai noma ne.

Sai tambayar da ba ka yi ba, wadda ta fi damuna: ina za ka samo icen? Ƙasarmu ba ta kurmi ba ce, yawancin katakon da ke kasuwar katako ta Na'ibawa a Kano daga kudu ake kawo shi. Sare bishiya na buƙatar izinin jami'an gandun daji, kuma ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo sun fi amfani a tsaye. Rassan da yaranka za su sassabo ba sa cika yin katakon rufi. Za su yi turmi, ƙota, kujerar tsuguno da itacen girki. Kafin ka sayi inji, samo mutum biyu ko uku masu kawo gungume da takardar izini, ka lissafa kuɗin mota har bakin gonarka.

Ka kuma tambayi KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki, ko akwai layi mai waya uku kusa da kai, domin babban inji ba ya tashi da wutar gida. In babu, kuɗin janareta da man dizal ya shiga lissafin kowane katako.

Ɗanyen katako kuwa ba a jibge shi a rana. Iskar hunturu na busar da bayansa cikin sauri alhali cikinsa da danshi, sai ka ga ya tsage daga baki ya lanƙwashe. Jera shi a inuwa, a ɗage shi daga ƙasa kamar taku ɗaya da rabi saboda gara, a sa siraran sanduna tsakanin kowane layi domin iska ta ratsa, a shafe bakunan da fenti. Garin katako kuma a kwashe shi kullum, nesa da janareta, don da bazara tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Masu kiwon kaji suna sayen ɓawon da injin gogewa ke fitarwa don shimfiɗa, ka nemi biyu daga cikinsu tun yanzu su riƙa zuwa da buhunansu duk mako.