Tsohuwar kyamarar Nikon FM2 tana da amfani har yanzu?

Ɗan'uwa, ka ce ka samu FM2 cikin kayan marigayi Baba, kana tambaya ko tana da sauran amfani. Allah ya jiƙansa. Kada ka sayar da ita! Tun 1982 Nikon ta fito da ita, kuma ko babu batir tana ɗauka. Ma'aunin haske kaɗai ke buƙatarsa. Da irinta na ɗauki hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, har zaren rawani ya fito ɗaya-ɗaya.

Buɗe bayanta ka duba soson da ke tare haske, don zafin Zinder kan narkar da shi ya zama kamar kwalta. Fim kuwa, ajiye shi a firji. Hoto 36 ne a naɗi guda, sai ka yi tunani kafin ka danna.