PS4 ko PS5: Wacce Ta Fi Wasanni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da na'urar wasan bidiyo ta PlayStation 4 (PS4) da tarin faya-fayan wasanni. Abokaina sun ce PS5 ba ta kai ta yawan wasanni ba. In na sauya, zan yi asarar abin da na tara?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Abokanka sun faɗi rabin gaskiya. PS4 ta fito a Nuwamba 2013, kuma ta tara wasanni sama da 4,000. Ita ko PS5 sai a Nuwamba 2020 ta shigo kasuwa. Abin da suka manta shi ne, kusan duk wasannin PS4 suna tashi a kan PS5, ban da 'yan kaɗan. Ka zura faifan Bloodborne na 2015 ko God of War na 2018, za su buɗe, har ma su fi saurin tashi saboda ma'adanar SSD da ke cikinta. Amma PS4 ba ta karɓar wasan PS5 ko ɗaya.

Inda maganarsu ta yi nauyi shi ne wasannin da aka ƙera wa PS5 ita kaɗai. A shekarunta na farko ba su da yawa. Ƙarancin kayan haɗa na'urori ya sa ta yi wuyar samu, ga kuma PS4 da aka sayar da fiye da miliyan 117 a hannun mutane. Ba kamfanin da zai juya wa wannan taro baya. Shi ya sa Horizon Forbidden West da Gran Turismo 7 da God of War Ragnarök duk suka fito a na'urorin biyu a 2022. Daga baya ne abin ya juya: Marvel's Spider-Man 2 na 2023 da Astro Bot na 2024 ba su zo PS4 ba. GTA VI ma, wanda kowa ke jira, PS5 da Xbox Series X da S aka ambata masa.

Abu ɗaya nake so ka kiyaye, domin nan ne mutane ke cizon yatsa. PS5 iri biyu ce: mai gurbin faifai da marar gurbin, wadda ake kira Digital Edition. Kai da ka tara faya-fayai, mai gurbin za ka nema. In ka ɗauki ɗayar, faya-fayanka sun zama ado, sai dai in sabuwar siririyar ce da ake iya saya mata gurbin daban a jona.

Tambaya: Ni ƙwallo kawai nake bugawa. Akwai buƙatar in sauya?

Amsa: Ba da gaggawa ba. Wasan ƙwallo na EA Sports FC 25 ya fito a PS4 ma a 2024. Sai dai fasahar HyperMotion, wadda ke sa motsin 'yan wasa ya yi kama da na zahiri, ba ta cikin na PS4. Kuma ka sani, hannun wasanka na DualShock 4 zai yi aiki a PS5 ne kawai in wasan PS4 kake bugawa. Wasan PS5 sai da hannunta na DualSense, don haka in ku biyu kuke karawa, ka sa kuɗin hannu na biyu cikin lissafi.