Tuwon Sallah, layya da tukuici: amsoshin tambayoyinku daga zangon Kumasi

Assalamu alaikum. Tambayoyin da suka taru a wannan karo kusan duk a gindin murhu suka tsaya, don haka na haɗa su wuri guda. Ta farko ita ta fi nauyi, kuma a kanta zan fi daɗewa.

Wata baiwar Allah daga unguwar Aboabo, a nan Kumasi ta ƙasar Ghana, ta rubuto: "Malam, uwar mijina 'yar asalin Katsina ce. Duk ranar Sallah sai ta ce a ɗora tuwon Sallah, nufinta tuwon shinkafa da miyar taushe. Mu kuwa a gidanmu dafa-duka da kaza ake yi, da yamma a kirɓa fufu, kuma mahaifiyata ita ma tuwon Sallah take ce masa. Hajiya ta ce wannan ba Hausa ba ce. Wa ya fi gaskiya?"

'Yata, kalmar tuwo tana da ma'ana biyu, ƙunƙuntacciya da faffaɗa. A ƙunƙuntacciyar, tuwo shi ne abin da aka tuƙa: a ɗora ruwa, a yi talge, a zuba gari, a sa muciya, a kwashe da mara, a yi malmala. Abin da aka kirɓa a turmi kuwa, irin doya ko rogo da agade, sakwara ce. A wannan ma'auni Hajiya tana kan daidai, fufu ba tuwo ba ne, dafa-duka balle. Amma Bahaushe bai tsaya nan ba. Idan ya ce sana'ar nan ita ce hanyar cin tuwona, ba garin dawa yake nufi ba, abincinsa da rufin asirinsa yake nufi. Tuwon suna da tuwon biki ma haka, ko shinkafa da miya aka zuba a faranti ba wanda zai gyara wa mai magana. To tuwon Sallah a wannan layi yake: abincin da gida ya girka don ranar, ya ci, ya fitar. Mahaifiyarki ba ta karya Hausa ba.

Abin tambaya shi ne me ya sa Katsina ta zaɓi tuwon shinkafa, Aboabo ta zaɓi kaza da fufu. A ganina ƙa'idar ɗaya ce ko'ina: abincin Sallah shi ne wanda gida ba ya ci kullum. A ƙasar Kano da Katsina ta da, dawa da gero ne abincin safe da dare, miya kuwa kuka ce ko busasshiyar kuɓewa. Shinkafa sai an yi baƙo ko an yi biki. Saboda haka ranar Sallah mace ta dafa shinkafa ta nuna luguf, ta tuƙa ta, ta haɗa taushe da kabewa da alayyafo da gyaɗa da ɗan yakuwa, ga nama zuƙu-zuƙu, yaro ya san yau ba jiya ba ce. Gidan da ya fi ƙarfi ya ƙara da waina ko funkaso na alkama, a ajiye alkaki da nakiya da dubulan saboda masu zuwa gaisuwa.

Yanzu ki dubi Kumasi. Wannan tuwon shinkafa da Katsina ke jira shekara, a nan kowace Lahadi ana sayar da shi a gidajen abinci da miyar gyaɗa, sunansa omo tuo. Sunan kansa rabi da rabi ne: kashin farko shinkafa ce da harshen Tuwi na Ashanti, na biyu kuwa tuwonmu ne aka sauke masa "w". Tuo zaafi, wanda ake ci da ayoyo, wato lalo, shi ma tuwo mai zafi ne aka taƙaita, sai dai a nan ana haɗa garin masara da na rogo, shi ya sa ya fi na Arewa laushi. Masa da funkaso kuwa sun koma kayan karin kumallo, ana barbaɗa musu sukari a sha da koko. Abin da kake saya a bakin titi kafin ka tafi aiki ba zai ba ka mamaki ranar Idi ba. Dole gidan zango ya nemi wani abin da zai bambanta ranar, sai ya same shi a kaza, da dafa-duka mai jan tumatir, da fufu da romon akuya.

Akwai kuma tarihi a ciki. Fataken goro da suka bi hanyar Gwanja mafi yawansu maza ne. Salaga ce babbar kasuwarsu, har yaƙin basasar 1892 ya watsa ta, wasu suka nufi Kete Karachi, wasu Yeji, wasu Akara, wasu kuma suka gangaro Kumasi bayan Turawan Ingila sun kama ta a 1896. Da suka zauna sai suka auri matan da suka tarar, Dagomba da Gwanja da Mosi da Wangara da Kotokoli da Ashanti. Uba ya ba 'ya'ya harshe da sunayen abinci, uwa kuwa ita ke riƙe da muciya. Shi ya sa a layi ɗaya a Asawase za ki ga ƙofa uku, kowace da tuwon Sallarta, kuma duk Hausa suke yi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma gidan da ake nufi a harkar girki gidan uwa ne.

Sai dai kada ki ɗauki wannan amsa ki kai gaban Hajiya ki ce Malam ya ce. Tsohuwa idan ta nemi taushe ranar Sallah, ƙamshin tsakar gidan da ta tashi take nema. Kabewa ba ta gagari kasuwar Kumasi ba. Ki ɗora mata tukunyarta da hantsi, fufunki yana nan da yamma.

Wani ɗalibi daga Old Tafo ya ce: "Daga ina kalmar layya ta fito? Kuma me ya sa 'yan uwanmu na Najeriya suke rataye rago ya kwana, mu kuwa ranar muke gamawa da shi?"

Layya Larabci ce, daga "dahiyya", dabbar da ake yankawa da hantsi. Za ka ce ina "d" ta tafi? Harafin farko na kalmar shi ne wanda almajiran allo ke kira lodi, kuma a tsohon karatunmu da "l" ake furta shi. Duba 'yan uwanta: alƙali, alwala, farilla, larura, lamiri, lamuni. Duk inda ka ji "l" ɗin nan, harafin ne. Saboda haka layya tsohuwar baƙuwa ce, ta bakin malaman zaure ta shigo, ta zauna har ta haifi ragon layya da naman layya da Sallar Layya. Danginmu na Nijar da Burkina Faso da Togo, idan suka juya harshe zuwa Faransanci, Tabaski suke cewa. Maƙwabtanmu Dagomba suna ce mata Chimsi, Ƙaramar Sallah kuwa Konyuri Chugu, wato bikin shan ruwa, daidai da namu barka da shan ruwa.

Batun kwanan nama al'ada ce, hukuncinsa kuwa na malaman fiƙihu ne, ni a nan harshe da ɗabi'a nake bi. A Kano, ranar yanka kayan ciki ake soyawa, hanta da huhu da tumbi da hanji, shi ne naman da yara ke fara sa wa a baki. Gangar jikin a rataye ta sha iska ta tsane, washegari a sassara, a fitar da na rabo, a shiga suya da kitsen ragon. Kai da ƙafa a babbake, a yi farfesu. A Yamai da Damagaram kuma wani salo ne, a buɗe ragon a soke shi a jikin itace biyu da aka gicciya, a jera raguna kewaye da babbar wuta tun rana har dare, wuta ta gasa su daga nesa, sai gobe a raba. Can iska busasshiya ce, nama yana jure rataya. Kumasi kuwa garin daji ne mai damina biyu, iska jiƙe take, kuma Babbar Sallah tana ja baya da kwana goma sha ɗaya duk shekara, sau da yawa cikin ruwa take faɗowa. Ka ƙara da gidan haya mai ɗaki goma da tsakar gida ɗaya, ga ƙudaje, ga wutar lantarki da ba a ba ta amana. Wa zai bar nama ya kwana? A yanka, a feɗe, a raba, kafin magariba kasko ya hau wuta.

Kalma ɗaya da nake so matasa su riƙe a nan ita ce watanda: mutane su haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka, a kasa kashi-kashi, kowa ya ɗauki gwargwadon abin da ya zuba. An fi yin ta a jajiberen Ƙaramar Sallah, lokacin da ba layya amma tukunya na son nama. Samarin da ke haɗa sidi, wato kuɗin Ghana, su tafi kasuwar shanu ta Kaase watanda suke yi, ko da wani suna suke kiran ta.

Akwai kuma cika-ciki. Tsofaffi kan ɓoye jelar ragon layya, a busar da ita, sai wata guda bayan nan, daren Ashura cikin Muharram, a jefa ta a miya, kowa ya ci ya ƙoshi har ya ture. A daidai wannan lokaci ne Dagomba ke bikin wuta na Bugum. Gidajen da ke ajiye jela sun ragu ƙwarai, amma kalmar tana nan a bakin mutane.

Tambaya ta uku gajera ce, daga wata matashiya a Nima ta Akara: "Da gaske waakye Hausa ce?"

Hausa ce. Wake ne, daga shinkafa da wake. A harshen Tuwi "k" idan ta zo gaban "e" takan narke ta koma kamar "c" tamu, a rubuta ta "ky", sai wake ya zama waakye. Jan launin kuwa daga ganyen karan dafi ne, wata irin jar dawa da Hausawa suka daɗe suna rina fata da ita, a ɗan sa kanwa. Bakano da mai da yaji yake cin nasa, ya kira shi garau-garau. Shito, wato baƙar miyar barkono, da garin rogo da taliya da ƙwai da ganda, wannan ƙarin na nan ne, kuma ni dai ban ga laifinsa ba.

Wani magidanci daga Sabon Zango ya yi ƙorafi: "Na yi wa iyalina hidimar Sallah, sai aminina ya ce mini Sallah biki ɗaya rana. Zagi ne?"

Alhaji, rabin karin maganar ya faɗa maka, ya bar maka sauran ka ƙarasa da kanka: Sallah biki ɗaya rana, ta bar wawa da bashi. Lura da yadda aka ce ɗaya rana maimakon rana ɗaya. An turo ɗaya gaba don ita ake so ka ji. Wawa a nan ba mai taɓin hankali ba ne, wanda bai auna aljihunsa ba ne, ya ci bashin rago don maƙwabci ya ga ƙaho a ƙofar gidansa, Sallah ta wuce, mai rago ya fara sallama. Idan da kuɗinka ka yi, maganar ba ta same ka ba, kuma kana da abin mayar masa, tunda Bahaushen da ya yi waccan shi ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ya kuma ce tuwon girma miyarsa nama. Karin magana ba doka ba ce, kowace da inda take zama. Idan kuwa akwai bashi a ƙasa, to aminin naka ya san ka, kuma ya yi maka sauƙi da ya tsaya a rabi.

Ta ƙarshe daga wani malamin makaranta a Asokore Mampong, wanda ya ce yaransa suna cakuɗa tukuici da goron Sallah da barka da Sallah.

Uku ne daban-daban. Barka da Sallah gaisuwa ce, sai yara suka mayar da ita sunan kuɗin da ake ba su idan sun zo gaisuwar. Goron Sallah kyauta ce ta girmamawa da ake kai wa iyaye da surukai da malamai. A da goro ne na gaske, wanda kakanninmu suka tako tun daga Kano don saye a wannan ƙasa, yau kuwa ko atamfa ce ko kuɗi ta waya sunan bai canja ba. Tukuici shi ne na tuwon Sallah. Bayan an sauko daga Idi za ka ga yarinya cikin sabon ɗinki, lalle a hannu, ta ɗauko langa uku an ɗora ɗaya kan ɗaya an ɗaure da ɗankwali, tana tafe a hankali kada miya ta zube. Ta yi sallama, ta durƙusa, ta ce Mama ta ce a kawo. Uwar gida ta juye, ta wanke kwanon, ta zuba nata girkin a ciki, domin ba a mayar da kwanon Sallah wayam. Sannan ta kwance bakin zane ta ba yarinyar sidi biyu ko biyar. Wannan kuɗin shi ne tukuici. Na ɗan aike ne, ba na wanda ya aiko ba, kuma uwar da ta karɓe shi daga hannun yarinya ta ci haƙƙi. Haka ake yi har da maƙwabta Kiristoci, su ma ranar Kirsimeti, wadda suke ce wa Bronya, shinkafa da kazarsu na shigowa, ɗan da ya kawo a ba shi tukuicinsa.

Saboda haka, Malam, ka gaya wa yaran: idan hannu biyu suka shiga gida suka gaida mutane aka ba su kuɗi, barka da Sallah ce. Idan da kwano a ka suka shiga, tukuici ne. Goron Sallah kuwa sai sun girma, lokacin su ne za su bayar.