Filin Ku Tambayi Anti: Mama Ta Cika Ɗaki Da Kamfan Gwanjo, Ko Ciwon Mantuwa Ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya ƙoƙari. Dan Allah ki sakaya sunana. Ni a Ingila nake zaune da mijina da yara, mahaifiyata ma nan take, shekarunta 71, tun rasuwar Baba shekara huɗu kenan ita kaɗai take a gidanta, tafiyar minti goma ce tsakaninmu. Abin da ya ɗaga min hankali Anti shi ne Mama ta tsiri shiga shagunan nan na ƙungiyoyin agaji da suke sayar da kayan da mutane suka bayar sadaka, da can ɗan kofi ko littafi take saya, amma yanzu kayan ciki take kwasowa, bireziya, singileti har kamfai in ta samu, wasu ma ko kusa ba za su shige ta ba. Ran Asabar na je gyara mata ɗaki na tarar da leda biyar cike a ƙasan durowa, ɗaya daga cikinsu an ɗaure bakinta tamau an cusa can lungu, ina kwancewa zarni ya buge ni. Matar da ko tawul ba ta haɗawa da kowa fa! Da na yi magana sai ta ce ba nata ba ne ni na kawo, ta hau faɗa har ta ce in fitar mata daga gida. Ga shi kwanan nan abu ɗaya sai ta tambaye ni sau uku, ta manta tukunya a wuta sau biyu, rannan kuma a asibiti ta dinga yi wa nas Hausa alhali da Turanci ta yi aiki shekara talatin. Yayana ya ce tsufa ne kawai in ƙyale ta. Anti kayan nan za su iya sa mata cuta? Kuma wannan shi ne dimenshiyar da ake faɗa?

Wata 'yar uwa, daga Ingila

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya saka miki da alheri kan kula da mahaifiya. Bari in fara sauke miki mai sauƙin, maganar cuta a jikin kaya. Tsoron da mutane suke yi ya fi haɗarin yawa gaskiya. Ƙwayar cutar HIV ba ta rayuwa a busasshen yadi, ki cire wannan a ranki. Abin da kayan wani kan iya ɗauko wa mutum su ne irin su ƙazuwa da ƙwarƙwata da makero, su ma ƙwaron ƙazuwa kwana biyu zuwa uku yake yi in ya rabu da fatar mutum ya mutu. A wanke a inji da ruwa mai zafin digiri 60, a busar sosai a goge, shi kenan. Wanda yadinsa ba zai ɗauki zafi ba a ɗaure shi a leda kwana uku kafin a wanke. Kuma ki sani galibin manyan shagunan agaji na Ingila ba sa jera kamfan da aka riga aka sa, bireziya dai wasu suna karɓa, kamfai kuwa in kin gan shi a kanta yawanci sabo ne da tambarinsa. Ni dai a ra'ayina bireziyar gwanjo in an wanke ba laifi, kamfai kuwa a sayi sabo, ba wani tsada gare shi ba.

Amma ni ba ledoji huɗun nan ne suka tsaya min a rai ba, ta biyar ɗin ce, wadda aka ɗaure aka cusa a lungu. Ki sake tunani a kanta. Mace mai tsafta irin Mama ba ta tashi haka kawai ta fara tara kamfai ba, abin da nake zargi shi ne fitsari ne yake kuɓuce mata, tana jin kunya, sai ta cire ta ƙulle ta ɓoye inda ba za ki gani ba, gobe kuma ta fita neman wani, in kuma ga mantuwa a kai to ta manta jiya ta saya sai ta sake saya. Da kika kwance ledar nan asirinta kika kwance, shi ya sa ta ce ke kika kawo. Wataƙila kunya ce ta sa ta faɗi haka, wataƙila kuma wallahi da gaske ba ta tuna ta ajiye ba, masu wannan lalura sukan cike gurbin abin da ya ɓace musu da duk bayanin da ya zo musu kusa, ba ƙarya suke da niyyar yi ba. Kar ki ƙara tsare ta da tambayar "Mama wannan fa?" Ki sayo sabbi daidai jikinta guda goma, da audugar nan ta manya da ake sa wa saboda yoyon fitsari, ki jera a durowar ba tare da surutu ba, ledar da ta ɓaci ki ɗauke a ɓoye. Sauran kuma ki dinga ragewa kaɗan kaɗan, kar ta dawo ta ga an share komai, abin zai ƙara rikita ta.

Yanzu maganar Yaya. Ki gaishe shi ki ce Anti ta ce tsufa ba ya sa mutum ya manta tukunya a wuta sau biyu ya kuma canza hali. Tsoho kan manta inda ya ajiye makulli ya tuna anjima, wannan daban. Dimenshiya, wato ciwon mantuwa, cuta ce da take cin ƙwaƙwalwa, kuma ba iri ɗaya ba ce. Wadda ta fi yawa ita ce Alzheimer, sunan likitan Jamus ɗin da ya fara bayaninta a 1906, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu ciwon, waɗanda sun haura miliyan 55 a duniya. Akwai wadda toshewar ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa ke kawowa, ita ta fi bin masu hawan jini da ciwon suga, baki faɗa min ko Mama tana da su ba. Akwai kuma wadda take taɓa gaban ƙwaƙwalwa, ita da canjin hali take farawa, mutum ya dinga maimaita abu ɗaya ko tara kaya ko ya daina jin kunyar abin da da yake kunya, duk da ita ta fi kama 'yan ƙasa da shekara 65. Komawar da ta yi Hausa ma abu ne sananne, harshen da mutum ya koya daga baya shi yake fara zamewa, na nono ya rage.

To amma ni ba zan ce miki dimenshiya ce ba daga wasiƙa, kuma ke ma kar ki yanke. Akwai abubuwa da yawa da suke kama da ita kuma ana iya magance su: ƙarancin bitamin B12, matsalar ƙwayar maƙogwaro ta tairod, ciwon damuwa (ki tuna shekara huɗu tana kwana tana tashi ita kaɗai bayan Baba), raguwar ji, wasu magunguna musamman na barci. Sai babbansu a nan, ciwon mafitsara, wanda a jikin tsofaffi yakan zo da yoyon fitsari da ruɗewa a lokaci ɗaya. Suga in ya hau shi ma yana sa yawan fitsari. Kin ga ledar nan ta biyar tana iya zama ita ce mabuɗin komai.

Abin yi a wannan satin, ki samu littafi ki rubuta abin da kika gani da ranakunsa, tukunya ranar kaza, tambaya sau uku ranar kaza, ledar nan ma kar kunya ta hana ki rubutawa. Ki aika wa likitanta na unguwa, GP, kafin ku je. Doka ba za ta bar shi ya faɗa miki sirrinta ba sai ta yarda, amma ba abin da ya hana shi karanta naki, kuma wannan ya fi ki zauna gabanta kina lissafa wa baƙo kurakuranta tana ji. Ita kuma ba sai kin ambaci mantuwa ba, ki ce "Mama zo mu je a duba miki jini da fitsari, an daɗe ba a duba ba", kuma ai gaskiya ce, da su za a fara. In likita ya ga da buƙata zai tura ta asibitin gwajin ƙwaƙwalwa, can za a yi tambayoyi wataƙila har da hoton kai. Ki nemi tafinta, NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnatin ƙasar, kyauta take bayarwa, dan in aka gwada ta da Turancin da yake zame mata sakamakon zai fi ainihin halinta muni. Ki kuma tambaya a haɗa ku da masu kula da matsalar riƙe fitsari, suna da sashensu. Amma in kika ga ruɗewar ta tashi farat ɗaya cikin yini, ga zazzaɓi ko yawan barci ko baki ya karkace, wannan ba na jiran layi ba ne, lambar gaggawa ta 999 zaki kira.

In ta tabbata ita ce, magani irin su donepezil da memantine ba sa warkarwa, suna dai rage wa wasu alamomin na wani lokaci, kuma sun dogara da irin wadda aka gano. Abin da nake so ku yi da wuri ke da Yaya shi ne takardar wakilci da ake kira Lasting Power of Attorney, iri biyu ce, ta kuɗi da dukiya, da ta lafiya, kuma sai tana cikin hayyacinta ta fahimci abin da take sa wa hannu ake iya yin ta, in lokaci ya wuce sai an bi ta kotu, doguwar hanya ce mai cin kuɗi. In tana tuƙi dole a sanar da DVLA, wato hukumar lasisin tuƙi, da kamfanin inshora bayan an tabbatar. Ƙungiyar Alzheimer's Society tana da layin waya na iyalai, ki kira su ko dan ki samu wanda zai saurare ki.

Shagon kuwa kar ki hana ta zuwa. Wataƙila nan ne kaɗai wurin da take fita ta ga mutane a gaisa da ita. Ki dinga raka ta wata rana, ki ja ta ɓangaren kofuna da littattafai, in kuma ta nace ta ɗauki bireziya ki biya ki yi shiru, ki kai gida ki jefa a inji. Ki sake rubuto min bayan kun ga likita, Allah ya ba Mama lafiya.